Babi na Shida: Ina Ruwanmu da Teku?

A gidanmu na cikin birni, kakata ce take riga kowa sanin damina ta kusa. Ƙarshen bazara, lokacin da zafi kan hana mutum kwana a ɗaki, mukan baje tabarmi a tsakar gida, ita kuma tana gefe da maficinta. Wani dare sai ka ga ta ajiye maficin ta ɗaga kai, ta ce da ni, "Maigida, ka ji? Iska ta juya." Ni dai abin da nake ji bai wuce zufar da ta ƙi bushewa a jikina ba, ashe ita ce alamar. Wata da watanni iska na busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, mai fasa leɓe da sa kaushi. Yanzu ta koma tana shigowa ta wajen Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, da nauyinta da laimarta. Gari na wayewa za ta aika a kira magini ya hau soro ya duba inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a zare tsummokara da ganyen da suka toshe indararo. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin teku ba, amma abin da take shaƙa a waɗancan darare numfashin teku ne.

Ka hau Dala ka dubi kudu iya ganinka, ba za ka hango ruwa ba. Tsakaninmu da gaɓar Tekun Atilantika ya kai kusan kilomita 800 a miƙe. Ko ruwan da ke gangarowa daga lungunanmu ba can ya nufa ba: Jakara da Kogin Kano da Challawa duk gabas suke yi, su haɗu da Kogin Haɗeja, abin da ya tsira daga rairayi da rana ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Saboda haka ban yi mamaki ba da aka kafa ma'aikatar tarayya mai kula da teku da arzikinsa a watan Agustan 2023, na ji wani dattijo a majalisar ƙofar gida yana cewa, "To mu ina ruwanmu da teku?" Tambayar ta zauna mini a rai, domin amsarta tana cikinta. Ruwanmu can yake. Mutanen da gwamnati ta ɗauka su auna teku su ba ta shawara, aikinmu suke yi ko mun sani ko ba mu sani ba, kuma ranar da aka ƙi jin shawararsu ko suka ba da ta kuskure, har cikin ganuwa ake jin raɗaɗin.

Tun kafin zancen ruwan sama ma, teku ya daɗe da shiga Kasuwar Kurmi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Wurin nan ɓawon wata 'yar halitta ce da ake tsamowa a tsibiran Maldif, can cikin Tekun Indiya. Jiragen Turawa kan ɗebo shi su kai Turai, su sake juyowa da shi gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa a kan jakuna. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda wuri 20,000 ne. A wajen wannan lokaci 'yan kasuwar Jamus suka gano wani irin wurin mai araha a gaɓar Zanzibar, suka dinga jibgo shi har darajar kuɗin ta karye, wanda ya tara dukiyarsa a keso ya wayi gari ta zama nauyi. Wato tun ƙarni biyu da suka wuce, abin da aka yi a wani teku mai nisa yana taɓa aljihun mai sayar da ƙosai a bakin Jakara.

Amma babbar maganar ita ce damina. Kowane Bakano ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma gaskiya ne. Sai dai ruwan da hadarin yake ɗauke da shi daga kudu maso yamma aka kawo shi. In rana ta gasa Sahara a bazara, iskar da ke kanta takan yi zafi ta tashi sama, sai iskar da ke kan Mashigin Gini, wadda ta sha tururin teku ta ƙoshi, ta kwararo arewa don cike gurbin. Wajen ƙarshen Yuni saman ruwan mashigin kan yi sanyi, bambancin da ke tsakanin sanyin teku da zafin hamada ya ƙaru, sai damina ta yi tsalle daga bakin gaɓa ta dawo mana. Shi ya sa a watan Agusta, lokacin da muke cikin marka tufafi sun ƙi bushewa, mutanen Legas kan sami ɗan tsagaitawar ruwa. Hadarin da muke gani ya haɗo ta gabas yana tafiya ne a kan wannan laimar, ya zubar mana, ya wuce Sakkwato da Yamai da Bamako, wani ma ya faɗa teku ta wajen Senegal ya girma ya zama guguwar da ke addabar Amurka. Duk abin da ya sauya zafin saman teku, ko da da ɗan kaɗan ne, yana iya sauya iyakar inda wannan laima za ta kai. Mu kuwa muna kusa da bakin iyakar.

Wanda ya yi wayo a 1973 ba ya bukatar a ba shi labari. Ruwan da ya sauka a Kano a shekarar bai wuce kusan rabin abin da aka saba samu ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka dinga faɗuwa a kan hanya. Buzaye da Fulani daga arewa suka cika gari, mutanen da jiya suke da garke yau suna neman aikin gadi. An fita filin Idi roƙon ruwa. Tsofaffi a lokacin suna kwatanta ta da Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ba a gama farfaɗowa ba fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma.

Gwamnatoci da masu ba da agaji suka tambayi masana me ya jawo haka, kuma amsar da ta fi karɓuwa a lokacin ta ɗora laifin a kan talaka. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa, aka sare itatuwa, ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, ruwa ya ɗauke. Shi a matsayin hasashe ya faɗe shi, abin a gwada a gani. Amma kafin a gwada, magana ta riga ta shiga ofisoshi. Da aka yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, hoton da aka tafi da shi shi ne na makiyayi mai yawan shanu da manomi mai gatari, su ne suke janyo Sahara da hannunsu. A kan wannan fahimta aka tsara ayyuka a ƙasashen Sahel, aka tsaurara dokokin gandun daji, malamin daji ya zama abin tsoro ga wanda ya sassabe reshe a gonar ubansa.

A nan Kano aka fara ganin maganar tana da gyara. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin ƙauyukan da ke kewaye da birni yana ƙirga itatuwa yana zama da manoma. Abin da ya samu shi ne, a wannan yanki mai tsananin cunkoso, manomi yana tattalin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiyar gonarsa, yana kai taki a mangala, kuma yawan itatuwan gona bai rushe ba duk da fari. Sai kuma amsa ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1986 wasu masana uku na hukumar yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka jera ma'aunin zafin saman tekunan duniya na shekaru masu yawa kusa da ma'aunin ruwan Sahel, suka ga suna tafiya tare: duk lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi, daminarmu takan gaza. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin teku kaɗai, ba tare da sun gaya mata an sare ko itace ɗaya ba, sai ga shi ta fitar da shekarun yalwa na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 kusan yadda suka faru. Binciken da ya biyo baya ya nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atilantika a waɗancan shekaru.

Ba ina cewa sare daji ba shi da illa ba. Yana da ita, yana ƙara wa fari ƙarfi, yana kashe ƙasa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙara wa wuta kara da wanda ya kunna ta. Shekara da shekaru ana nuna wa Bafulatani yatsa a kan abin da tushensa yake cikin teku da bututun masana'antun wasu ƙasashe, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau. Ruwa na Allah ne, Shi yake saukar da shi inda Ya so, wannan ba mai ja. Sai dai Ya sanya wa komai sababi, kuma neman sanin sababin ba ya rage tawakkali. Mai ba gwamnati shawara amana ce a wuyansa mai nauyin gaske, domin kuskurensa ba a takarda yake tsayawa ba, a gonar wani yake sauka.

To ta yaya ake sanin zafin teku? Aiki ne na haƙuri wanda ba ya shiga labarai. Tun 1997 ƙasashen Barazil da Faransa da Amurka suka haɗa hannu suka kafa jerin na'urori masu shawagi a tsakiyar Atilantika, shirin da ake kira PIRATA. Kowace an ɗaure ta da igiya mai tsawon kilomitoci har ƙasan teku, tana auna zafin ruwa da gishirinsa da ƙarfin iska, tana aikawa ta tauraron ɗan'adam. Ɗaya daga cikinsu tana kudu da Ghana, a tsakiyar mashigin da ke shayar da mu. Duk shekara sai jirgi ya je ya tsamo su an kankare an sauya. Ban da su akwai wasu kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, kowace takan nutse mita 2,000 ta taso duk bayan kwana goma ta ba da rahoto. Daga irin waɗannan ma'aunai, haɗe da yanayin Tekun Fasifik, hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka a kowace jiha, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron tsaikon ruwa bayan shuka. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda wancan farin, tana yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki.

Hasashen ba wahayi ba ne, yakan ci yakan kuskure. Abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin zauren da ake ƙaddamar da shi a Abuja da manomin Bichi ko Ɗambatta da ke tsaye da iri a ƙwarya bayan ruwan farko, yana shawarar ya shuka ko ya dakata. An fara fassara hasashen da Hausa, wannan ci gaba ne. Amma takarda ba ta zuwa gona da ƙafarta. Malamin gona ne ya kamata ya kai ta, da gidan rediyo, da mai unguwa, da limamin Juma'a, a cikin makon da ake bukatarta. Iri ɗaya da ya ƙone a ƙasa saboda an shuka a ruwan yaudara, bashi ne a kan magidanci har kaka.

Nijeriya tana da tata cibiyar binciken teku, NIOMR, wadda aka kafa a 1975 a tsibirin Biktoriya da ke Legas, shekarar da aka kafa takwararta ta binciken Tafkin Chadi a Maiduguri. Aikinta shi ne sanin halin gaɓarmu mai tsawon kusan kilomita 850: yawan kifi da jatan lande da inda suke hayayyafa, yadda igiyar ruwa ke cin ƙasa, me ke gurɓata ruwa, sannan ta gaya wa gwamnati abin da ya dace. Wurin da aka gina ta ma darasi ne, domin a bakin Bar Beach take, gaɓar da ta daɗe tana shan wahalar teku. Kuma a labarin wannan gaɓa akwai hannun Kano.

Ga yadda abin yake. A da manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga Legas, saboda tudun yashi da ke toshe bakin mashigar. Sai su tsaya a waje, ƙananan jirage su yi ta jigila. Da Turawan mulki suka ƙudiri aniyar kwasar amfanin arewa, suka yi abu biyu a lokaci guda. Suka shimfiɗo dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Suka kuma gina dogayen katangu na dutse da suka kutsa cikin teku a bakin mashigar Legas tsakanin 1908 da 1912, da duwatsun da aka faso daga wajen Abekuta, don hanyar jirgi ta zauna a buɗe. Ta nan gyaɗar da su Alhassan Ɗantata suka tara ta bi, da fatu da ƙiraga da auduga. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita ba za ta yiwu ba sai da waɗannan katangu. Sai dai teku yana da tasa hanyar. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, dare da rana, tun fil azal. Da katanga ta tare shi, sai ya taru a yammacinta, gabashinta kuma, wato Bar Beach, ruwa ya ci gaba da kwashewa ba mai mayarwa.

A wasu shekarun teku yakan ci mita ashirin ko fiye. Daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnati ta shiga zuba yashi, a kashe kuɗi a zuba, ruwa ya kwashe, a sake ba da kwangila. Masana sun san dalilin, sun kuma rubuta shi tun da wuri, amma zuba yashi ya fi saurin nuna an yi aiki. Har ta kai ruwa na hayewa titin Ahmadu Bello yana shiga gine-gine. Sai daga 2008 aka shiga cike wurin da gina katafariyar katangar dutse, aka kafa sabuwar unguwar masu hali ta Eko Atlantic a kan ƙasar da aka ƙwato. Tsibirin Biktoriya ya samu sauƙi, amma mazauna ƙauyukan da ke gabas da wurin suna kukan ruwan ya koma kansu. Can gaba kuma a Jihar Ondo akwai garin Ayetoro na masunta Ilaje, wanda aka kafa a 1947. Teku ya cinye babban ɓangarensa, gidaje da makarantu, an sha ba da kwangilar kare shi ba a ga katanga ba. Inda ƙasa take da tsada an samo dutse, inda masunta suke ana ta jira.

Duk lokacin da na karanta labarin Bar Beach, kududdufan birninmu nake tunawa. Kakanninmu da ƙasa suka gina Kano, ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu da gidaje da masallatai, kuma duk inda aka haƙi ƙasar gini rami ya saura. Waɗannan ramuka su ne kududdufai. An raina su saboda sauro da wari da shara, kuma ba ƙarya aka yi musu ba. Amma su ne randunan birni. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowace unguwa tana da inda ruwanta zai gangara ya kwanta, ya tsuma ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyi, rarar ta bi Jakara. Cikin shekaru arba'in da suka wuce mun bi su ɗaya bayan ɗaya mun cike da bola, mun yanka filaye, mun dasa shaguna. Masana a jami'o'inmu sun ƙirga su, sun zana taswirarsu, sun yi gargaɗi. Ruwan da ya mamaye Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa suka nuna.

Na ga irin wannan da idona a unguwarmu. Akwai kududdufin da muka taso muna kamun kifi a bakinsa da ƙugiyar allura. Wata shekara aka fara zuwa da tifa ana juye ƙasa, aka ce an sayar. Dattawan unguwa suka je suka yi magana, aka ba su haƙuri, aiki ya ci gaba. Damina biyu bayan haka, wani dare cikin Agusta, aka kwana ana ruwa. Wajen asuba muka ji salati daga gidan maƙwabcinmu, wani tsohon maɗinki. Ruwan da ya rasa wurin zuwa ya biyo lungu ya jiƙa gindin katangarsa ta ƙasa har ta zauna. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na same shi tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya ɗora kan kekensa a ka, yana ce wa babana, "Alhaji, shekara sittin ina gidan nan, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba." Abin da injiniyoyin Turawa suka yi wa yashin Legas shi muka yi wa ruwan lungunmu: mun tare masa hanya ba mu tambayi inda zai koma ba, sai ya koma kan wanda ya fi kowa rauni.

Akwai kuma misalin abin da ake samu in gwamnati ta saurari masananta ta yi haƙuri da su. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon arzikin teku har mil 200 daga bakin ruwanta. In ƙasa tana son fiye da haka, sai ta kawo hujjar kimiyya cewa doron ƙasarta ya ci gaba da miƙewa a ƙarƙashin ruwa. Ba a samun wannan da bindiga ko da baki, sai da awo: zurfin ruwa, kaurin laka, yanayin dutsen da ke ƙasa. Nijeriya ta miƙa bukatarta a 2009, ta gyara ta, ta yi ta kare ta a gaban kwamitin masana a New York, gwamnati na sauka wata na hawa. A 2023 aka amince mata da ƙarin murabba'in kilomita kusan 16,300, wato kimanin kashi huɗu cikin biyar na faɗin Jihar Kano. Farfesa Larry Awosika, masanin ƙasan teku da ya yi aiki a NIOMR, da safiyo Aliyu Omar, sakataren kwamitin shugaban ƙasa kan aikin, su suka yi wa Shugaba Tinubu bayani a watan Mayun 2024. Duk abin da aka haƙo a wannan wuri wata rana, asusun tarayya zai shiga, kuma ƙananan hukumomin Kano 44 suna da kaso a ciki.

Sauran hanyoyin da teku ke shigo mana gida ba sa bukatar dogon bayani. Kifin kwali da uwargida ke sa wa a miya, titus ɗin nan, daga arewacin Atilantika ake kamo shi, wajen Nowe da Ingila. Akwai majalisar masana mai suna ICES, tun 1902 take, wadda ke gaya wa ƙasashen yankin iya abin da za su kama kowace shekara. Fiye da shekara goma ke nan sun kasa daidaitawa kan rabo, jimillar kamunsu tana wuce shawarar, kifin yana raguwa, tsadarsa kuma tana haɗuwa da faɗuwar naira ta same mu a tukunya. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024 kuwa, muna kwana huɗu da kama azumi, wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka katse ta wajen Kwaddebuwa. Masu POS a bakin Kurmi suka wuni suna cewa babu sabis, mai sayen kayan buɗa-baki ya yi tiransifa ta maƙale. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, ita ma kwantenar da ta sauka a bakin teku take jira.

Don haka kirana ga hukumomin Kano shi ne su ɗauki hasashen damina da na ambaliya a matsayin takardar aiki: a karanta shi a majalisar zartarwa tun watan Maris, a yashe magudanan ruwa kafin Yuni, a sa hasashen a rediyo da harshen da manomi ke ji. Kududdufan da suka rage a cikin birni a ƙirga su, a shata iyakarsu, a hana yanka su, a tsabtace su maimakon a binne. Wakilanmu a majalisar tarayya su daina ɗaukar kasafin cibiyar binciken teku da na hukumar yanayi a matsayin rabon 'yan kudu, su tambaya ko jirgin bincike yana fita, ko ma'aunai suna aiki. Iyaye kuma, in yaro ko yarinya ta ce tana son karanta ilimin teku ko na yanayi, kada a ce mata wannan ba karatun ɗan arewa ba ne. Muna bukatar 'ya'yanmu a teburin da ake ba da wannan shawara, waɗanda suka san mene ne tsaikon ruwa bayan shuka, suka kuma taɓa ganin katangar ƙasa ta zauna a cikin marka.